Ranar da Muka Kai Kaka Kallon Roka

Abin da na fara lura da shi da muka isa bakin teku shi ne ƙafafun Kaka. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, tana taka yashi a hankali kamar mai tsoron ya ƙone ta. Tun da ta zo aikin Hajji daga Damagaram ta zauna wurinmu a nan ƙasa mai tsarki ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta taɓa wuce bakin lungunmu ba.

Unguwarmu, Ammariyya

Kawu Sale, ƙanen Umma da ke aikin dako a tashar jiragen ruwa, shi ya kawo labarin. Ya ce za a harba roka ɗauke da tauraron ɗan'adam na Larabawa daga wata ƙasa can yamma, bayan teku.

"In mun tsaya a gaɓa muka fuskanci yamma, dole mu gan shi."

Umma ta ce, "Sale, ƙasar fa da nisa."

"Yaya, jinjirin wata a kusa yake? Ba ganinsa muke yi ba?"

Kaka ta ce ai kuwa wannan magana ce, kuma da ita za a je. Umma ta yi ta roƙo, ta ce in askari, wato ɗan sanda, ya kama ta sai jirgi, sai gida. Kaka ta riga ta ɗauko mayafinta.

Mun tashi bayan sallar asuba a wata tsohuwar a-kori-kura da Kawu ya aro. Ni da Kaka muna gaba, Umma ta ƙi zuwa.

Unguwar Ruwais

Nan muka tsaya Kawu ya sayo burodin tamis mai zafi da dafaffen waken ful, na riyal uku. Kaka ba ta ci ba. Ta manna goshi a gilashi tana tambayata kowane gini na mene ne. Shingen binciken da ke gaba muka tarar ba kowa, sai kujera da kofin shayi a kanta.

Bakin teku

Mun yi shimfiɗa a inuwar wata rumfar mai shayi, can arewa da gari. Kawu ya ja layi a yashi da sanda, ya ce ta nan zai ɓullo. Muka yi azahar, muka kafa wa sama ido. Tsuntsu ya wuce, jirgin Alhazai ya wuce, idona har ruwa yake yi.

Sai mai shayin, wani dattijo ɗan Yaman, ya ƙwala kira: "Ya Hajji, yalla, ya tashi!"

Muka ruga. A ƙaramar talabijin ɗinsa da ke kan firij muka gan shi, tsawonsa bai fi yatsana ba, hayaƙi na tuttuɗowa a ƙarƙashinsa. Kawu ya fita da gudu ya duba sama, ya dawo ya duba talabijin, ya sake fita.

"Hazo ne," in ji shi. Sama kuwa tas take.

Kaka ba ta zo ba. Na same ta ruwa har idon sawu, ta tattare zani.

"Kaka, ya tashi, ba ki gani ba."

"To, Allah ya kai shi lafiya. Zo ki ji sanyi, Hindatu."

Hanyar komawa

Da la'asar sakaliya shingen ya cika da motoci. Kawu ya shiga layi. Kaka ta ja mayafi, ta damƙe hannuna, na ji ƙwayoyin carbinta suna shiga tafina. Askarin ya karɓi iƙamar Kawu, ya leƙo, ya nuna Kaka da haɓa.

"Ta Hajiya fa? Daga ina kuke ma?"

"Daga kallon roka," in ji Kawu.

"A ina?"

"A bakin teku."

Askarin ya dube shi. Ya kira abokinsa ya ce Kawu ya maimaita. Kawu ya maimaita, har da bayanin jinjirin wata. Suka yi ta dariya, ɗaya na dukan bayan motar.

"To kun gan shi?"

"Hazo ya hana."

Ya miƙo iƙamar yana share hawaye. "Halas, yalla, ku tafi."

Gida

Mun tarar da Umma tsaye a bakin lungu, ana kiran magariba. Ta ƙirga mu da ido, ta ce alhamdu lillahi, sannan ta fara yi wa Kawu faɗa. Kaka ta wuce su, yashi na zuba daga bakin zaninta. Ba ta karkaɗe ba.

Ni ba mai magana ba ce, ko a makaranta sai an kira sunana sau biyu. Amma da Kawu zai tafi na bi shi har mota.

"Kawu, na gode. In za a sake harba wani, don Allah ka zo mu kai Kaka. Ko da hazo."