Allurar Inna ta Biyu

Mahaifiyata agwagi take kiwo a ƙauyenmu na bakin fadama, gabas da Haɗeja. Idan sanyi ya shigo, tsuntsayen ƙetare sukan sauka su yi kiwo tare da nata a ruwa ɗaya. Shi ya sa da aka kawo allurar rigakafin murar tsuntsaye don masu hulɗa da kaji da agwagi, ni da kaina na kai ta asibiti, tana mita tun daga gida.

Ma'aikaciyar ta yi mata ɗaya, ta ce ta dawo bayan 'yan makonni a yi ta biyu. Inna ta miƙa ɗaya hannun.

"'Yar nan, haɗa min duka yau. Ruwa na tafe, hanyarmu za ta yanke."

"Mama, ba a haɗawa. Sai jiki ya gama karɓar ta farko. Ki dai daure ki dawo kafin tsuntsayen su iso."

Ruwan kuwa ya zo ya cinye hanya. Ina wurin aiki a Dutse ina ta buga waya, Inna tana ce min ɗayar ma ta isa, ita ba kifi ba ce. Tsoro ya kama ni sosai, don na san halinta: agwagwa in za ta mutu, a cinyarta take mutuwa.

Muna da maƙwabci, wani dattijo masunci, da suka yi shekaru ba sa ga maciji da Inna, saboda agwaginta na yi masa ɓarna a gonar shinkafa. Wurin matarsa ya ji zancen. Ranar allura da safe sai ga shi a ƙofar gida.

"Hajiya, fito, kwalekwale na jira. Ba don halinki ba."

Ta fito tana cewa ai ba ta roƙe shi ba. Ya ratsa da ita cikin ciyawar kacala har tudu, ya sa ta a Keke Napep, ya zauna bakin ruwa yana jiranta har la'asar. An ce da tafiya da dawowa duk faɗa suke.

Da sanyin shekarar ya zo, cutar ta shiga garkenta. Agwagi suka yi ta faɗuwa, ita ke kwasarsu tana binnewa tana kuka, duk da an hana ta taɓa su. Ko tari ba ta yi ba. Na san Allah ne ya tsare min ita, amma har yau idan na ɗaga hannu addu'a, dattijon nan yana riga wasu 'yan uwana na jini zuwa bakina.