Fatu Uku Zuwa Sakkwato

Mahaifina fataucin fatu yake yi, fatun jajayen awaki. Gidanmu a Wurno yake, amma rabin mako yana kan hanya tsakanin kasuwanni, Achida da Goronyo da Shinaka, wani lokaci har Tursa in an ce an yi yanka da yawa. A bayan gida akwai doguwar rumfa inda ake shanya fatun a inuwa, kowace a miƙe an ɗaure ta da igiya. Cikin warin wannan rumfa na tashi, kuma ban san wari ba ne sai da na je makarantar Midil wani ɗan ajinmu ya sanar da ni.

A shekarar da zan ba da labarinta, babban yaƙin Turawa na biyu bai daɗe da ƙarewa ba. Ni ina koyarwa a elementare ta Rabah, na yi aure, ina da ɗiya guda.

Fatun Baba kusan dukkansu lamba ɗaya suke shiga a kantin kamfani na Sakkwato, na sauran fatake kuwa galibi lamba biyu ko uku. Dalilin haka yana zaune a unguwar rundawa, wato mahauta, gida na huɗu daga mayanka. Wani ɗan siririn barunde ne, tsaran Baba, mai ciwon gwiwa, mu 'ya'yan gida muna kiran sa Baba Mai Fiɗa. Sauran mahauta da wuƙa suke raba fata da nama, wuƙa kuwa tana barin sawu, ko idonka bai gani ba majemin Ingila zai gani. Shi aikin wuƙarsa ya ƙare da zarar ya tsaga ƙafa. Sai ya kafa baki ya hura har akuya ta kumbura, ya cusa dunƙulen hannu ya bi ta a hankali, fata ta zame kamar an tuɓe wa yaro riga. Ranar kasuwa yana bin Baba, yana yi wa mahautan garin fiɗa kyauta, da sharaɗin Baba za a sayar wa fatar. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, bai kuma koya wa kowa ba.

Sun yi kusan shekara talatin a haka, babu takarda tsakaninsu. Da salla Baba ya ɗinka masa riga, da kaka ya aika masa da damman gero. A Wurno kowa ya san wannan, amma sanin gida ne, ba mai zuwa ya janye mutumin wani. Kamfani bai sani ba, kuma haka ya kamata. Falke ba ya faɗin inda yake samun kayansa, ba a kuma tambayar sa. Tambayar rashin kunya ce, daidai da ka tambayi magidanci abin da ya rage a rumbunsa.

Labarin wani yabo da za a yi wa Baba ya fara isowa ta bakin akawun kantin Achida. Manyan kamfanoni, na Turawa da na Kwarori, suna da wata ƙungiya tasu ta 'yan kasuwa, kowane wata tana buga 'yar takardar labarai ta rarraba wa kantuna. Wane ya buɗe sabon sito, wane ya tafi gida hutu, gyaɗa ta yi kyau ko ba ta yi ba. A ƙasan shafi na biyu, tsakanin sanarwar mutuwar wani manaja da tallar sikeli, an rubuta cewa ƙungiya za ta ba 'yan kasuwa 'yan ƙasa huɗu takardar yabo, na ukunsu shi ne Baba, saboda kyawun fata. Akawu ya karanta wa masu zaman baranda da hantsi. Kafin la'asar labari ya iso Wurno, ya zama wai Sarkin Ingila ne ya aiko wa Baba da takobi.

Bayan kwana biyu masinja ya kawo wasiƙa a keke, aka aika Rabah in zo in karanta. Wasiƙar ta ce Baba ya zo Sakkwato ranar kaza da safe, ya taho da fatu uku na misali, da tafinta in yana da shi. Ya sa na karanta sau biyu, sannan ya tambaya mi suke so ya daina yi. A saninsa, duk takardar da ta fito daga wurin Turawa hani ne a cikinta. Na ce babu, yabo ne kawai. Ya ce to.

Baba Mai Fiɗa ne ya zaɓi fatun, ya kwana biyu yana zaɓe. Da na miƙa hannu zan naɗe su, sai ya janye.

"Maigida, in ka ba Malam, awa tabarma za shi naɗe su."

"To kai za ka kai su Sakkwato da wagga gwiwa?"

"Mota za ta kai su. Ni riƙo za ni yi."

Haka muka shiga motar kamfani mu uku, mu da buhunan gyaɗa.

A farfajiyar babban kanti aka yi taron, an kafa tamfol. Turawa suna kan kujeru, 'yan kasuwa huɗu a benci, sauran jama'a a tabarmi. An fara da mai gyaɗa, sai mai auduga. Da aka zo kan Baba, shugaban ƙungiya ya miƙe ya yi magana kusan kwatan awa, ni ina tsaye ina juyawa. Ya ambaci gaskiya, ya ambaci tsabta, ya ambaci ci gaba har sau shida, na ƙare kalmomina na koma na farko. Ina juyawa ina kallon Baba yana nutsewa cikin rigarsa. Bai taɓa zama an yabe shi a gaban idonsa ba sai dai maroƙi, shi kuwa maroƙi ana ba shi wani abu ya yi shiru. Wannan ba a san abin da za a ba shi ba.

Aka miƙa masa takardar cikin gilashi da katako. Ya karɓa da hannu biyu, ya rasa inda zai ajiye ta, ya ɗora a cinya.

Daga nan wani dogon Bature ya taso daga kujerun baya. Likitan dabbobi ne, shi ke kula da malaman duba fata na En'e, hukumar gargajiya ta lardi. Ya ɗauki fata ɗaya ya juya cikinta, ya bi ta da babban yatsa daga wuya har wutsiya, ya sake bi. Ya ɗauki ta biyu. Ya daɗe. Sannan ya dube ni ya ce in tambayi mahaifina wa ya feɗe su.

Da a kasuwar Goronyo ne, da Baba ya yi murmushi ya tambayi mutum lafiyar iyali. Amma nan an gama tara masa yabo a ka a gaban dattawa, mu kuma an yi mana tarbiyya cewa in an yabe ka, ka yi maza ka sauke wa na kusa da kai. Ya waiwaya, na kusa da shi yana zaune a tabarma da igiyar naɗin fatu a hannu.

"Ranka shi daɗe, ni ba ni da hannu ciki, saye kawai nika yi. Ga mai aikin nan zamne."

Na juya maganar zuwa Turanci kalma bayan kalma. Ina iya cewa mutanensa ne suka yi, in tsaya nan, ba wanda zai kama ni, don a cikin duk masu jin harsunan biyu ni ne mafi kusa. Na sha neman abin da na ji a zuciyata a wannan lokaci, ban samu komai ba. Jimla ce mai sauƙi, na san kowace kalma, na juya ta daidai, kamar yadda aka koya mini har aka ba ni kyautar littafi a kai. Na karanta tarihin faɗuwar dauloli da dama, marubuta kullum dalilai manya suke nemowa. Rumfarmu dai ladabin uba da ƙwazon ɗa ne suka taru a kanta.

Likita ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Nan take aka aika kasuwa aka sayo akuya, aka yanka a bayan kanti, Baba Mai Fiɗa ya tuɓe rigar sallarsa ya ba ni riƙo. Ya durƙusa da gwiwa mai lafiyar, ya hura, ya cusa hannu. Turawa suka kewaye shi, wata matar manaja ta toshe hanci amma ba ta tafi ba. Da fata ta zame suka yi tafi. Shi bai san abin da ake yi da tafi ba, ya nemi ruwa ya wanke hannu.

Muka kamo hanyar komawa har muka wuce Achida. Baba yana rungume da gilashin don kada gargada ta fasa shi. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka iya Turanci." Ba yabo ba ne, ba kuma faɗa ba. Ya faɗe shi yadda mutum zai ce hadari ya haɗu.

A gida an yi kwana uku ana shigowa barka. Mata suna leƙa takardar, wata gwaggona ta tambaya ina takobin. Takardar labarai ta wata mai zuwa ta ba taron layi huɗu, akawu ya yanko ya aiko mana.

Bayan mako uku saƙo ya zo ta hannun hakimi. En'e tana son Baba Mai Fiɗa ya koma Sakkwato ya zauna a mayanka, ya koya wa mahautan lardi fiɗa, kowace gunduma ta riƙa aiko da mutum biyu. Akwai albashi, akwai ɗaki biyu, akwai kaki. Hakimi ya ce ba umarni ba ne, roƙo ne, in maigidansa bai yarda ba shi zai san abin da zai rubuta.

Ranar Juma'a ce, ina gida. Baba Mai Fiɗa ya zo bayan la'asar ya zauna a zaure inda ya saba zama, kusa da ƙofa. Suka gaisa da tsawo, suka yi maganar ruwan gulbi da wata akuya da ta faɗa rijiya a unguwarsu. Ni ina gefe da littattafan yara ina gyarawa.

"Maigida, ka ji abin da anka aiko."

"Na jiya."

"In ka ce in zamna, zamne nike. Ka san kaki ba shi yi min kyau."

"Babbar riga ma ba ta yi ma kyau. Shekara talatin ina ɗunka ma ina gani."

Suka yi 'yar dariya. Baba ya tambaye shi ko an ce za a riƙe shi har ya tsufa, ya ce haka ɗan saƙon ya faɗa. Ya tambaye shi ko gidan kusa da asibiti yake, ya ce wai ana hango shi. Baba ya daɗe yana kallon gwiwar nan da aka naɗe da tsumma, sannan ya kalli hannuwan. Na lura a ranar cewa yatsun sun fara kumburi a gaɓɓai. Ina jin Baba ya riga ni lura da shekaru.

"Tahi."

"Maigida, ka san in na koya musu, kowa na da lamba ɗaya."

"Na sani tun muna cikin mota."

Babu wanda ya dube ni a cikinsu. Na ci gaba da sa maki. Na tuna har yau yaron da nake gyara littafinsa ya ci bakwai cikin goma, ban tuna ko na ce wani abu ba.

Baba Mai Fiɗa ya tafi ranar Litinin da matarsa da tukwane. Baba ya raka su har bakin hanya, ya dawo ya shiga rumfa ya ɗaɗɗaure igiyoyin da ba su kwance ba.

Shekarar farko rundawa suka koma wuƙa, fatun Baba suka koma lamba biyu. Mai sikeli a kanti yana ba shi haƙuri kamar shi ya yanke su. Shekara ta biyu waɗanda aka aika koyo suka fara dawowa, fatu suka gyaru, amma a hannun kowa. Mahauci ba ya bukatar wani ya yi masa fiɗa, don haka ba shi da dalilin ajiye wa Baba fata. Manyan fatake masu mota suna riga shi isa kasuwa su kwashe. Takardar labarai ta ce fatun lardi sun yi kyawun da ba a taɓa gani ba, gaskiya kuma ta faɗa. Rabin rumfa ya zama wurin kwanan jaki. Baba Mai Fiɗa yana aiko da gaisuwa da goro ta hannun direbobi, an ce gwiwar ta yi sauƙi.

Da hutun rani na shekara ta uku na bi Baba kasuwar Goronyo. Muka tsaya wajen wani barunde baƙo daga wata gunduma, magidanci, bai san Baba ba. Yana da fatu biyu da masu mota suka bari. Ya ga dattijo yana shafa cikin fata, sai ya matso.

"Baba, wagga ba irin ta da ba ta. Duba da kyau, babu sawun wuƙa. Sabuwar hiɗa ta, Sakkwato anka koya muna."

Baba ya ce ƙaƙa ake yi. Mutumin ya ji daɗin tambayar, ya durƙusa ya nuna inda ake tsagawa, ya kumbura kumatu, ya dunƙule hannu yana tura iska. Ya yi bayani dalla-dalla, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Baba ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya ce madalla, Allah shi yi wa mai koyarwa albarka. Ya sayi fatun biyu.

Daga nan ba mu ƙara shiga layin rundawa ba. Ya ja ni zuwa ƙarshen kasuwa wajen masu sayar da irin albasa, ya tsuguna a gaban wani tsoho, ya daɗe yana tambayar sa kwana nawa ake yi tsakanin ban ruwa da ban ruwa.