Saukar Malam Isyaku na gidan ruwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina shanya da safiyar nan maigidana ya shigo, ya tsaya bai zauna ba, ya ce Malam Isyaku ya rasu. Ciwon ƙirji ne, kwana kaɗan ya yi a asibiti.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai kula da injinan tura ruwa a gidan ruwan da ke ba garinmu ruwa, nan gefen Tiga. Juyen mai, sa giris, wanke filta, cire ciyawar da ke toshe bakin bututu, duk aikinsa ne. Kuma ɗalibin maigidana ne. Da furfurarsa ya ɗauki allo.

Duk lokacin da za su kashe inji don sabis, sai ya biyo tun ana gobe, ya yi sallama daga zaure.

"Malama, a gaya wa mata su cika randuna. Akwai mai suna ko biki a unguwa?"

In akwai, ya kan roƙi na sama da shi a matsar da ranar. Sau ɗaya aka yi rasuwa inji yana kwance. Da kansa ya yi ta jigilar jarkoki a babur har aka yi wa mamaciyar wanka.

Ba ya taɓa allo sai ya daɗe yana dirzar hannu. Na kan aika masa da toka da sabulu. Maigidana ya ce, "Isyaku, fatar ma za ka cire ne?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, baƙin mai ba ya jin wa'azi."

A hankali, a hankali, har ya kai ƙarshen Baƙara. Saura bikin sauka kawai.

Aka sa rana kafin azumi. Na jiƙa gero, na gaya wa 'yan uwa. Sai ga shi ya zo, yana ta sunkuyar da kai, wai inji ɗaya ya soma wata ƙara da bai yarda da ita ba.

Na ce, "Haba Malam Isyaku, yini ɗaya fa? Injin ba zai jira ba?"

Ya ce, "Malama, in ya tsaya cikin azumi, da me mutane za su yi buɗa baki? A bari sai bayan Salla. Sauka ba ta gudu."

Na ce Allah ya kai mu. Ya ce amin, a ajiye masa kasonsa na waina.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Mun yi azumi ruwa bai yanke ba. Muka yi Salla, aka shiga shuka, kowa ya kama gabansa, ba a sake sa rana ba. Shi mai kunya ne, ba zai tuna wa malaminsa ba. Wannan shi ke ci mini rai.

Allonsa na zayyana yana nan jingine a ɗakin maigidana, an gama shi tsaf, bai taɓa riƙe shi ba.

Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya karɓi karatunsa, ya shayar da shi daga Alkausara, ya ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, ya buɗe Alƙur'ani ko shafi ɗaya ne, ya karanta ya roƙa masa gafara. Taron da ba mu yi masa ba, mu yi masa shi a haka.