Kwana Talatin da Ɗaya na Karimu

Duk Tumbutu, wani ƙauye kusa da Malanville, babu wanda bai san Karimu da abu biyu ba: hannun albasa da nauyin baki. Mutum ne da in ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri.

Bara, bayan ruwa ya cinye masa gero, kawunsa Baba Bukari ya samo masa aikin awon buhu a wani kamfanin casar shinkafa a Malanville. Ranar farko mai kamfanin, Mushe Habibou (Mushe, wato "Malam" da Faransanci), ya karanta masa takarda ya fassara: wata ɗaya na gwaji ne, a cikinsa duk wanda bai gamsu ba sai ya faɗa ya kama gabansa. In watan ya cika kuwa, mai son tafiya sai ya ba da sanarwar wata guda.

Kwana goma da farawa, wata tsohuwa, Zalika, ta aiko masa cewa za ta ara masa fadamarta ta bakin kogi, wadda ya shekara shida yana roƙo. Sharaɗinta ɗaya: ya dasa kafin watan ya ƙare, in ba haka ba Oumarou maƙwabcinsa na jira.

To, me ya rage? Kawai ya buɗe baki ya ce, "Mushe, na bari." Kalma uku! Amma ina, ɗan mutunci ba ya barin maigida da bakinsa, sai ya aika babba. Ya tafi wurin kawu.

"Mi anka yi maka?" in ji Baba Bukari.

"Ba a yi mini komi ba, Kawu. Albasa dai..."

"Kunya ta. An ɓata maka rai, ka ƙi hwaɗi. Bar ni da shi."

Baba Bukari ya ɗauki dattawa biyu da goro, suka je sulhu a kan faɗan da ba a yi ba. Mushe Habibou ya rantse bai san laifinsa ba, amma ya ba da haƙuri, har ya ƙara wa Karimu rigar aiki. Aka shafa fatiha. Mako ya tafi.

Karimu ya koma wurin limamin unguwa. Liman ya yi tafiya Gaya ta'aziyya, da ya dawo kuma sai ya yi masa nasiha a kan haƙuri da arzikin da ke hannu. Matar Karimu, Hadijatu, ta gaji. "Irin albasan nan ya kai dashe, kai kana ta aike! Bakinka aro na?"

Ranar da ya daure ya shiga ofis da ƙafarsa, Mushe ya tarbe shi da fara'a. "Barka, Karimu! Jiya watanka ya cika, ka zama namu."

"Mushe, ni tahiya nika so."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana ashirin da ɗaya."

Mushe ya aje biro. "Haba, Karimu! Da jiya ka hwaɗi, da yanzu kana gona. Yau kam sai ka cika mini wata, shinkafa ta shigo, ba ni da mai awo."

Haushi ya ishi Karimu, kuma babu wanda zai ɗora wa. Ran Juma'a ya hau kabu-kabu ya je ganin fadamar. Oumarou na duƙe a ciki yana dashe. Da ya hango shi sai ya miƙe ya ce, tunda irin Karimu zai lalace a banza, ko zai ba shi?

Karimu ya ce to.