Kwamin da Baba Famfo Ya Gina

Duk unguwar Baba Famfo ake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Tun yana saurayi yake gyaran famfo. Idan ya shiga gida ba ya tambayar inda ke yoyo, bango yake shafawa da tafin hannu har ya ji inda ya yi sanyi. Ruwa in dai a cikin fayif yake, yana jin maganarsa.

Na rafi ne ya fi ƙarfinsa. Ɗansa na fari ya je wanka da abokansa wata Asabar, ruwa ya ci shi. Tun daga nan Baba Famfo bai sake bin hanyar gada ba. Idan aiki ya fito a tsallake, sai ya tura wani. Bai daina zuwa coci ba, amma zamansa ya koma bakin ƙofa, kuma kafin a ce amin ya miƙe yana neman 'yarsa Auta da ido.

Auta ce kaɗai ta rage musu. Da ta gama ajin baftisma, ta zo ta durƙusa gabansa yana cin abinci.

"Baba, Fasto ya ce ƙarshen wata za a yi mana."

"A ina?"

"Inda aka saba."

Inda aka saba kuwa rafi ne. Ya wanke hannu, ya ture kwanon.

Washegari ya sami Fasto, ya ce zai gina wa ikkilisiya kwamin baftisma a bayan coci, aikin da kayan duk daga gare shi. Fasto ya san dalili, bai tona ba, ya ce Allah ya sa albarka.

Sai Baba Famfo ya hana kansa sakat. Ya jera bulo, ya rushe, ya sake jerawa. A gida Auta na wucewa zai bi ta da kallo yana auna tsawonta da ƙofa. Ranar da Fasto ya leƙo, ya ga ginin iyakarsa gwiwa.

"Baba, wannan agwagi za mu yi wa baftisma?"

"Ai ruwa ruwa ne, Fasto."

"Nutsarwa ake yi. Ni kuma bayana ba na yaro ba ne."

Ya ƙara layi biyu ba da son ransa ba. A gindin kwamin ya sa ƙaton kan famfo wanda murɗa ɗaya za ta zubar da ruwan duka, ko da wani abu ya faru. Kullum sai ya je ya gwada shi. Ya buɗe, ya rufe, ya ɗauko sifana ya ƙara ɗaurewa. Shi ne mai faɗa wa mutane cewa ɗaurin da ya yi yawa ke fasa fayif, amma hannunsa ya ƙi tsayawa.

Ran Asabar ya cika kwamin. Ran Lahadi da safe ya tarar da shi wayam, ƙasa ta sha ruwan. Fayif ɗin ya tsage daidai inda ya yi ta matsawa.

Masu baftisma sun riga sun jeru, danginsu sun zo daga nesa. Dattawa suka ce a tafi rafi. Fasto ya jawo shi gefe.

"Ta Auta kam, sai abin da ka ce. In ka ce a jira, za a jira."

Auta na tsaye riƙe da tawul. Ya buɗe baki zai ce a jira, sai matarsa ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Baban Auta, yaron da ruwa ya ci, ni ma ni na haife shi. Amma shekarun nan rafi ke gaya maka hanyar da za ka bi da aikin da za ka karɓa. Yau kuma shi zai ce ko 'yarka ta tsaya gaban Ubangiji ko kar ta tsaya?"

Ya lalubi ranar da ya taɓa sake hanya saboda Allah kamar yadda yake sakewa saboda rafi, bai samu ba. Wani tsoro ya kama shi, ba irin wanda ya saba ba. Wancan gudu yake sa shi, wannan kuwa kansa ya sunkuyar. Ya ajiye sifana a bakin kwamin.

"Mu je," ya ce.

A bakin rafi ya tsaya cikin jama'a. Da layi ya zo kan Auta, Fasto ya dafa bayanta, ya kwantar da ita, ruwa ya rufe fuskarta. Baba Famfo bai kau da kai ba.

"Taka ce, Ubangiji," ya ce.

Ta taso tana tari, tana share ido. Matarsa ta miƙa masa tawul ɗin.

"Kai mata, sanyi take ji."

Ya taka cikin ruwan har gwiwa.

"Baba, takalminka," in ji Auta.

"Bar shi. Riƙe hannuna, akwai santsi."