Hoton da Ya Tsallake Baba Ilu

Duk sa'ad da na ga ɗayanku ya rataya kyamara zai fita ba tare da ya gwada ta ba, sai wata Talata ta faɗo mini a rai, ranar da ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi. Na san kuna yi da ni a bayan idona, wai Malam Sabi'u ya cika naci, kullum sai ya sa mutum ya ɗauki hoton rula kamar ɗan firamare. Ina jin ku, kunnena ƙalau yake. To yau ku zauna ku ji inda rular ta samo asali.

Lokacin ni ne babban mai ɗaukar hoto a sashen yaɗa labarai na wani shirin noma. Shugaban sashenmu Alhaji Mamman ne, shi ke sa hannu a takardar fita, shi kuma ake kai wa hotuna kafin su wuce gaba. A shekarar aka ba mu aikin ɗauko manoman da har yanzu suke riƙe da tsohon irin gero da dawa, domin a haɗa littafi da fuskokinsu.

Kyamarar da nake riƙewa ba irin taku ba ce mai saita kanta. Ta zamani ce, mai kati, amma da hannu ake saita ta, kuma ba ta cikin gilashin gaba ake leƙawa ba. Wata 'yar taga ce a gefe. A tsakiyar tagar akwai ɗan fili mai haske, a cikinsa za ka ga mutum ya rabu biyu. Kana murza zoben gilashi, su biyun suna matsowa, da zarar sun haɗe sun zama mutum ɗaya, saiti ya yi. Abin da ke haɗa zoben da tagar wani siririn ƙarfe ne a ciki. In ya goce ko da kaurin gashi ne, taga za ta ce maka komai daidai, alhali gilashi wani wurin yake kallo. Da gajeren gilashi ba a cika ganewa ba. Dogon gilashi kuwa, mai janyo nesa kusa, ba ya yafiya: ka saita a kan mutum, shi ya je ya kama abin da ke bayansa.

Saboda haka ƙa'ida ita ce, kafin aiki, da kuma duk lokacin da kyamara ta bugu, ka jingina rula a karkace, ka saita a kan lamba ɗaya, ka ɗauka, ka duba allon baya ka ga ko ita ce ta fito tar. Aikin minti biyar ne. Amma ni a lokacin kaina ya yi girma. Har baƙin salatif na liƙe allon bayan kyamarar da shi, ina cika baki wai gwani ba ya duba baya, mu da muka koyi aiki tun zamanin fim.

A cikin malaman gonarmu akwai Malama Rabi, mace mai shiru, ba ta roƙon kowa komai. Ita ce ta same ni a ofis ta ce mahaifinta, Baba Ilu, yana da wani gero da ya gada tun kakanni, a ƙauyensu can gaba da Bici ta wajen Kunci. Ta ce bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba in ban da na katin shaida, wanda shi ma ya daɗe da gogewa. Sai da ta bi ta wajen ƙanensa aka yi ta lallashi wata biyu, sannan ya ce to, sau ɗaya.

Na ce, "Ke ba ki iya roƙonsa da kanki?"

Ta yi murmushi ta ce, "Malam Sabi'u, ni ce 'yar fari."

Ku 'yan birni ba lallai ku gane nauyin maganar nan ba. A irin gidajen nan uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya nuna ya san da zamansa, ko da kuwa shi ya fi so. Ita kuma in ta je gaishe shi, daga nesa za ta durƙusa, kanta a ƙasa, har ta tashi. Ta ce da ni, a hankali, "Littafin nan bai dame ni ba. So nake in sami wanda zan ajiye, in zauna in kalli fuskarsa son raina." Na ce ta ɗauka an gama. Har da cewa sai ta ƙirga furfurarsa ɗaya bayan ɗaya.

Farkon damina ne. Mota ta ajiye mu a Bici, muka hau babura biyu. Wajen wani kwazazzabo babur ɗin da nake kai ya zame, jakar kyamara ta daki ƙasa. Na buɗe, na ga babu abin da ya fashe, na kaɗe ta na mayar. Akwai rula a aljihun jakar, na gan ta da idona.

Da hantsi muka isa. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, hadari bai gama watsewa ba. Gonaki manne da juna har iyakar gani, gero ya tsiro bai fi tsawon yatsa ba. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Gonakin maƙwabta akwai mutane, amma ko ƙarar fartanya ba na ji, ko kukan tsuntsu. A ƙarshen gonar Baba Ilu akwai wata aduwa, a ƙarƙashinta 'yar maƙabartar danginsu da aka kewaye da ƙaya. Can muka hango shi tsaye yana addu'a a kan kabarin matarsa, mahaifiyar Malama Rabi. Da ya shafa, sai ya tuɓe takalmansa ya jera su a fili kusa da kabarin, ya jingina sandarsa, ya shigo gona ba takalmi, yana bin tsakanin kunyoyi.

Dogo ne siriri, da farar riga wadda aka ga alamar ninki a jikinta. Malama Rabi ta durƙusa daga bakin iyaka ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon gefe. Ni kuma na ɗaga ƙafa zan shiga, sai ya ɗaga hannu.

"A'a, malam mai hoto. Kada ka tako mini tsiro. Daga nan inda kake, in injinka na iyawa."

Tsakaninmu kamar taku goma sha biyu ne. Na cire gajeren gilashi na ɗaura dogon. Rana ba ta fito ba, kuma ina so bayansa ya narke shi kaɗai ya fito, don haka na buɗe idon gilashin har ƙarshe, inda kuskure ya fi saurin nunawa.

Na kai ido taga. Na ga Baba Ilu biyu, kamar yadda ya kamata. Na murza zobe suka matso. Amma ba su haɗe ba. Ɗaya na tsaye a ƙasa, ɗayan kuma ya ɗan ɗaga sama da shi, fari-fari, ana hango aduwa ta cikin jikinsa, kamar mai shirin fita daga cikin ɗan'uwansa. Na murza gaba, na murza baya. Duk yadda na yi, na saman nan bai sauko ba. Yau na san alamar gocewar ƙarfe ce, ko a ranar ma da na tsaya na yi tunani da na sani. Amma a wannan shirun, tsigar jikina ce ta tashi, so nake kawai in gama in bar wurin.

"Ka same ni kuwa?" in ji shi.

Na ce, "Na same ka, Baba."

Ya ce, "To madalla. Ni dai ga ni nan tukuna."

Na danna sau goma sha huɗu. Ya ce ya isa haka, ya juya ya koma wajen takalmansa. A hanya Malama Rabi ta ce ko za ta iya gani. Na nuna mata salatif ina dariya, na ce ta bari sai an wanke.

Washegari Laraba na sa kati a kwamfuta. Hoto na farko, Baba Ilu ya fito dishi-dishi, farar riga da inuwar fuska, babu ido babu baki. Na biyu haka. Har na goma sha huɗu. Abin da ya fito fes a kowanne shi ne abin da ke bayansa: ɗan filin nan na gefen kabarin matarsa, da takalma biyu a jere. Kana iya ganin ɗinkin da aka yi wa na hagu, da sawun yatsunsa a jikin fatar, da kowace tsakuwa da ke wurin. Na daɗe zaune ina kallo.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in tashi in gaya wa Alhaji Mamman, in gaya wa Malama Rabi, mu koma a ranar da wata kyamarar, in durƙusa in ba dattijon haƙuri. Ban yi ba. Kunya ta hana ni, ni da na gama cika baki. Da Alhaji ya tambaya na ce, "Ina kan gyarawa, yallaɓai." Na ƙudurta ranar Asabar zan koma ni kaɗai a ɓoye, in san ƙaryar da zan yi.

Ranar Juma'a da safe aka bugo wa Malama Rabi. Baba Ilu bai yi ciwo ba. Ya dawo daga masallaci da asuba ya ce zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Da ni aka je jana'iza. Muna isa gindin aduwa na tarar an haƙa kabari a daidai wurin da takalman suke, ko taku ɗaya bai goce ba. Ba abin mamaki ba ne a sa mutum kusa da matarsa, na sani. Mai gyaran da na kai wa kyamarar daga baya shi ma ya nuna mini ƙarfen, ya ce faɗuwa ce ta karkatar da shi, gilashi yana kama taku biyar ko shida bayan inda aka saita. Lissafi ya fita, babu aljani a ciki. Duk da haka har yau in na tuna ramin nan, da yadda na riga na san kowace tsakuwa ta bakinsa, sai in ji sanyi a bayana.

Bayan addu'ar bakwai Malama Rabi ta dawo aiki. Ban jira ta tambaya ba, na kira ta gaban Alhaji Mamman na faɗi komai, har da rular da na gani a jaka, har da kwana biyun da na yi shiru. Alhaji ya ba ni takardar tuhuma, na amsa, ban musa ko kalma ɗaya ba. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi in buɗe mata. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta matso da fuskarta jikin allo tana neman idonsa a cikin hazon nan. Sannan ta sa yatsa a kan takalman.

"Waɗannan na sani," in ji ta. "Shekara arba'in su nake kallo in na je gaishe shi. Wanke mini, Malam Sabi'u. Ashe ko a hoto ma iyakacin rabona ke nan."

Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Na wanke mata babba, ta karɓa da hannu biyu har tana yi mini godiya. A ranar na ɓare salatif ɗin nan na jefar.

Littafi ya fito da fuskokin manoma da yawa, shafin Baba Ilu kuwa zangarniyar geronsa aka sa. Abin da na koya shi ne, mutanen da muke ɗauka ba jiranmu suke yi ba, wani sau ɗaya zai tsaya maka a duniya, kuma akwai wanda yake bayanka ya dogara da idonka. In ka yi kuskure ka faɗa a ranar, tun mutumin yana nan. Don haka, kai mai shirin fita Shanono, ajiye jakar nan. Ga rula can a kan teburina.