Tsumman Madubin Dama

Ni ba gwanin zance ba ne, boko ma ban yi nisa ba na gudu, saboda haka mai neman daɗin baki ya nemi wani. Amma abin da zan gaya muku, wallahi tallahi da ni ya faru, ba a tasha na tsinto shi ba. Shekarun baya ne, ina aiki a kamiyon, wato babbar motar wani Alhaji a Tanout, muna kwasar shanu daga kasuwar Belbeji mu sauke Damagaram.

Na daɗe ina aparanti, wato yaron mota, a hannun Baba Manzo, tsohon direban motar, har furfura ta fara leƙo mini kafin in samu permi, takardar izinin tuƙi. Aikina in yana ja da baya in tsaya a gindin mota ina yi masa hannu, in ya isa in daki jikinta sau ɗaya, ya taka birki. Tuƙin gaba na iya shi tuni, baya ce ta gagare ni, kuma a sana'armu baya ita ce aikin, don shanu ba sa hawa tsani. Tudun ƙasa ake tarawa a bakin kasuwa, ka kawo gindin mota daidai bakinsa, in ka bar rata sa ya zura ƙafa ya karye.

Da na kawo permi, Alhaji ya ce idon Baba Manzo ya fara rauni, ranar kasuwa mai zuwa in na kafa motar a tudun nan a gabansa, makulli nawa ne. A gaban tsohon ya faɗa. Shi kuwa tsohon goro kawai ya ɓantara. Tun ranar na daina sakin jiki da shi, ko shayi ya miƙo mini ba na sha sai na ga ya kurɓi nasa. Ku ce mugun zato ne, na ji, amma mutum ne za a raba da abincinsa, kuma ni ne sanadi.

Akwai wani hali nasa da ya kamata ku sani. Bai taɓa ja da baya da madubi ba, ƙofa yake buɗewa ya leƙo da rabin jikinsa. Madubin dama kuwa kullum a naɗe yake da wani tsumma, haka na tarar da shi, na ɗauka fashewa ya yi.

Ana gab da ranar, da damina ne, muna dawowa ba kaya, sai ya ce in ratse wani fili kusa da Gangara. An yi ruwa da safe, ƙasa ta lafa. Ya sauke duro biyu ya kafa, ya ce in yi ta shiga tsakaninsu da baya har hannuna ya faɗa, shi zai shiga gari ya yi azahar wurin wani ɗan'uwansa. Na bi bayansa da kallo ina cewa a raina, yau kuma daga ina wannan alheri?

Na yi ta fama, kowane ja sai na ture duron dama, in sauka in tayar, gumi har cikin ido. Can na tuna a makarantar tuƙi da madubi biyu aka koya mana. Na zagaya na kwance tsumman. Jama'a, madubi garau, ko ƙwarzane babu. Na ce shi ke nan, ashe tsohon nan ɓoye mini ido ɗaya ya yi don kada in iya.

Ina hawa na sa giyar baya, na ɗaga ido, sai ga mutum a cikin madubin. Dogo, da baƙin rawani ya rufe baki, sanda a kafaɗa irin ta makiyaya. Ban yi mamaki ba, wurin ba ya rabo da masu kiwo. Ya ɗaga hannu yana yi mini zo, zo, ya juya yatsa alamar in karya sitiyari, daidai yadda mu 'yan mota muke yi. Na bi hannunsa, sai ga mota ta shige tsakanin duro biyu sumul, karo na farko a rayuwata. Daɗi ya kama ni. Shi kuwa bai sauke hannu ba, zo, zo, na ci gaba da bi.

Zuciyata ce ta fara tsarguwa. Wane makiyayi ne ya san juya yatsa? Kuma wane irin mutum ne zai zo ya kama maka aiki ba sallama? Na leƙa madubin hagu, fili fetal. Na dawo na dama, yana nan, kuma a lokacin na lura da abin da har yau ke tayar mini da tsigar jiki: mota tana ta tafiya wajensa, shi ba ya takawa, amma girmansa a madubin bai ƙaru ba ko kaɗan. Na so in ɗage ƙafa, wallahi ƙafar ta ƙi.

Sai na ji an daki jikin mota, sau ɗaya, ƙau! Da ƙarar ƙarfe a ciki, irin ta zoben azurfar da ke hannun Baba Manzo. Ƙafar da ta ƙi ni ta bi dukan, na ji ni a kan birki.

Na diro na zagaya. Ba kowa. Ƙasa jiƙe take, ko kaza ta wuce sai ka gani, amma sawun taya ne kawai da nawa. Bayan tayar dama, tazarar da ba ta kai taku ɗaya ba, bakin tsohuwar rijiya ne, ƙaya da ciyawa sun rufe shi. Kun san zurfin rijiyoyin ƙasarmu ta Damargu. Na jefa dutse, ban ji saukarsa ba.

Ina tsugune a wurin na hango Baba Manzo, can nesa ya fito daga gari, tafiyarsa ta tsofaffi, ba yadda za a yi a ce shi ya daki motar. Ta hagu ya iso, inda ba a ganin madubin dama, amma kafin in buɗe baki ya ce, "Wa ya ce ka kwance?" Yana faɗa yana murza tafin hannunsa, na duba, ya yi jawur.

Na ce, "Baba, ka san da rijiya a nan ka kawo ni?"

Ya ce fili ne mai kyau, shi ma a nan ya koya. Ya ɗauki tsumman ya mayar da kansa, fuskarsa a kauce, bai yarda ya kalli gilashin ba. Muka kama hanyar Tanout.

Ranar kasuwa na buɗe ƙofa na leƙo da rabin jikina, na kafa mota a tudu, Alhaji ya ce a ba ni makulli. Da tsohon zai miƙo mini na ce masa gobe zan cire madubin nan in sa sabo. Ya riƙe makullin bai saki ba.

"Kada ka cire. Gara ka san inda yake."

Abin da ya faɗa ke nan, har Allah ya karɓi ransa bai ƙara ba. Na yi shekaru ina juya abin, shi ya kai ni bakin rijiyar ko shi ya tsayar da ni, ko duka biyun, ban sani ba. Ina yi masa addu'a, amma ba zan yi muku ƙarya ba, wani lokaci bakina yana nauyi.

Ku sababbin direbobi, kafin ku ja da baya ku sauka ku taka wurin da ƙafarku, kuma kada ku bi hannun wanda bai yi muku sallama ba. Motar nan Alhaji ya sayar da ita tuni, an ce an sake mata fenti, tana nan tana yawo a hanyoyinmu. Kwanaki na tambayi wanda ya gan ta ko tsumman yana nan. Ya ce wane tsumma?